Tsagar Baffa a Jikin Kanya

Zuwa ga Babban Injiniya mai kula da sabuwar madatsar ruwan Kwara,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Ni Umaru ne, manomin albasa daga wani ƙauye a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Dahomi. Ban taɓa ganin katangarku ba, labarinta kawai nake ji a bakin masu jirgin ruwa. Amma ina zargin ta shigo gonata, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda muke. A bakin fadamarmu akwai tsohuwar kanya, a jikinta akwai tsaga uku da kakanmu ya yi da gatari. Ƙanen mahaifina, Baffa Jibo, shi ke duba ta. Idan ruwan damina ya ja har tsaga ta biyu ta fito, sai ya ce a yafa irin albasa, domin kafin ya isa dashe fadama ta sha iska. Tun ina yaro ban ji ya kuskure ba.

Bara da bara waccan tsagar ta fito, Baffa ya yi magana, muka yafa. Sai ruwan ya tsaya cak, kamar baƙon da ya ƙi sallama. Dashenmu ya tsufa a tudu, ya lalace. Yanzu ƙwarya ɗaya ta iri ta rage mini, kuma tsagar ta fara leƙowa.

Tambayoyina ke nan:

1. Ruwanmu daga saman kogi yake zuwa, ta wajen Dahomi. Ku kuna can ƙasa, tafiyar kwanaki a jirgi. Ta yaya katangar da ke gabanmu za ta riƙe ruwan da ke ƙofarmu? Wallahi ba gatse nake yi ba, so nake in gane.

2. An ce tafkin da kuka tara ba a hango ƙarshensa, kuma kuna da ƙofofi da kuke buɗewa ku rufe. Wa ke cewa a buɗe? Me yake dubawa? Ko ku ma kuna da taku kanyar?

3. Da ma'aikatanku suka zo da sanduna masu lamba, Baffa ya ja su har gindin itacen. Suka yi murmushi, ko rubutawa ba su yi ba. Wannan ya ƙona mini rai, har yau bai huce ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ba diyya ba ce. Ku aiko mana ta hannun hakimi lokacin da kuke sa ran sakin ruwa, kafin in zuba ƙwaryar nan a ƙasa. Sannan ku faɗi gaskiya: ku ne ko ba ku ba ne? Samari sun fara cewa idon Baffa ya mutu. Jiya na tambaye shi ko in yafa, ya dubi kanyar ya daɗe, ya juya gida. Idan katangarku ce, ku rubuto, ni zan karanta masa a gaban jama'a.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da ruwan da kake tsaro.

Wassalam.

Umaru, ɗan ɗan'uwan Jibo mai duba kanya.