Sunan Ɗan Fari a Shagon Bahago

Unguwar Kusfa,
Birnin Zariya.
Fabrairu, 1999.

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Jos. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiyar jiki ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma ɗanki ne ya ɓata shi.

Ɗanki na ce, don ke kika ɗauke shi tun daga yaye, ni haihuwa kawai na yi. Shekara uku ke nan rabonsa da gida. Matarsa Safiyatu na nan a ɗakin da ya bar ta, tana share shi safe da yamma kamar gobe zai dawo. To, mahaifinta Alhaji Jumare na Ƙofar Kibo ya zo da kansa. A zaure ya zauna, ko ruwan da aka kai masa bai taɓa ba. Ya ce in Babbar Sallah ta wuce bai ji daga bakin ɗanki ba, ko ya zo, ko ya aika a kai masa matarsa Ingila, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Wallahi ban ga laifinsa ba. Amma ba na son rabuwa da yarinyar nan, Yaya. Ita ke daka mini fura yadda nake so, ita ke zama da ni in hawan jinin ya motsa.

Na rubuta masa har na gaji. Na je gidan waya ya fi a ƙirga, kullum layinsa a cike. Sai Malam Bahago ya warware mini. Kin tuna shi, wanda muka yi aiki tare a sakatariya lokacin ina buga tafireta. Da ya yi ritaya ya buɗe shagon kwamfuta a Tukur-Tukur, kuma ɗanki ne ya haɗa masa na'urar zuwansa na ƙarshe. Ya ce ba hira yaron yake yi a waya ba, kwamfutarsa ce ke riƙe da layin, wasa yake yi. Wasa, Yaya! Mutum mai gemu!

Wai wata ƙasa ce ta ƙarya, da birane da dodanni, tana cikin wata na'ura a can Turai. Mutane daga ko'ina suna shiga su zauna, an shekara takwas ana yi ba a tashi ba. Bahago ya aika masa da imel bai amsa ba, amma Bahago ya ce a can cikin wasan ɗanki ba ya fashi. Na ce to a kai ni.

Babu hoto, babu komai, rubutu ne kawai a baƙin gilashi, ki karanta ki buga amsa da Turanci. Nan ba a fi ni ba, yatsuna ba su manta aikinsu ba. Da farko aka tambaye ni suna. Bahago ya ce in ƙirƙiro wani, na ce ban yi sata ba balle in ɓoye, na buga Barira. Sai aka ce in zaɓi jinsi, wai ko mutum, ko aljan, ko wada. Na ce yadda Allah ya halicce ni ya ishe ni. Sai sana'a: mayaƙi, matsafi, ɓarawo, mai magani. Ki ji fa, ɓarawo sana'a ce a ƙasar da ɗanki ya zaɓa ya bar tasa. Na ɗauki mai magani. Aka miƙo mini sanda da riga ɗaya da gurasa, aka tura ni tsakiyar kasuwa.

Bahago ya nuna mini kalmar da ake bugawa a ga duk wanda ke ciki. Na buga. Ga sunansa nan a sama da kowa, sunan yanka, da wani dogon taken sarauta a gefe. Da hantsi fa, ranar aiki. Na kau da kai.

Ga inda matsalar take. Wai in kina son yi wa mutum magana daga nesa, sai kin fara buga sunansa, kowane layi da shi za ki fara. Ke kin sani, ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunan nan ba, hannuna bai taɓa rubuta shi ba, ko adireshin ambulan Bahago ke sa mini. Ya ce bari ya zauna ya buga mini. Na ce maganar auren gidana ba za ta bi ta yatsun wani ba. Safiyatu kuwa ta ce ba za ta je shago roƙon miji ba, kuma ita ma ai ba ta faɗin sunansa. Mu biyun da muka fi kowa neman sa, babu mai iya kiran sa.

Amma an ce in kuna ɗaki ɗaya ba a buƙatar suna, magana kawai za ki yi ya ji. Don haka da ƙafata zan je. Fadarsa na bayan wani daji da wani dutse. Na ga abin da ya fi daji.

Ki gaishe da Alhaji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Barira.

*

Unguwar Kusfa,
Birnin Zariya.
Maris, 1999.

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Alhaji da yara. Na ji daɗin jin ƙafar ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na kuma ga inda kika ce kin yi dariya har da hawaye. Ki yi ta yi. Ke kika sangarta shi, ni nake kwasa.

Kin tambayi ina aka kwana. To, na mutu. Ba sau ɗaya ba.

Ranar farko na nufi ƙofar gari kai tsaye, mai gadi ya ce ban kai ba. Wai sabon shiga yana matakin farko, sai ya yi aiki ya hau. Na tambayi wane aiki. Aka tura ni gidan giya in kashe musu ɓeraye a ɗakin ƙasa. Ni, Yaya, da na je Makka. Na tsaya a ƙofa na yi sallama, na jira a amsa. Ina tsaye wani kare ya zo ya cinye ni. Bahago ya ce a can ba a sallama, shiga kawai ake yi. Na ce shi ya sa ɗanki ya ji daɗin wurin.

In kin mutu sai ki farka a wani ɗakin tsafi, babu sanda babu riga, sai kin koma kin nemo gawarki kin kwashe kayanki. Astagfirullah. Na je na tarar wani mai sana'ar sata ya riga ni. Na zazzage masa Turancin ofis mai zafi, ya aiko mini da alamar dariya ya wuce.

Ba duka ne marasa tarbiyya ba. Wata wada, ta ce ita malamar makaranta ce a wata ƙasa mai ƙanƙara, ta gan ni ina gaida kowa a kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ta tausaya. Ta ba ni garkuwa, ta koya mini in riƙa duba lafiyata kafin faɗa, in gudu in abin ya fi ƙarfina, in daina rabar da gurasata ga mabaratan gari, wai su ba mutane ba ne, na'ura ce. Da na gaya mata fadar da na nufa sai ta hau yabo. Wai mai fadar nan babu kamarsa, duk sabon shiga da ya kai kuka sai ya share masa hawaye, ba ya manta kowa. Na ji kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa. Yana can yana raba wa baƙi takubban ƙarya, matarsa na nan tana ɗinke tsohon zaninta.

Kullum bayan azahar nake hawa acaba zuwa Tukur-Tukur. In da wuta, babu layi. In layi ya kama, ina tsakiyar faɗa da ɓera sai ya yanke, kafin a sake haɗawa ɓeran ya gama da ni. Matan unguwa sun fara cewa Hajiya Barira ta koma makarantar kwamfuta da tsufanta. Na bar su a haka, ya fi gaskiyar daɗin ji.

Yanzu ina mataki na huɗu. An bar ni na fita ƙofar gari, na kashe kyarkeci ɗaya da sandata, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har na ce wa Bahago ya zo ya gani. Amma wadar nan ta ce dajin ba ya ƙetaruwa sai mai mataki ashirin, kuma masu ƙwazo ma sai sun yi wata da watanni. Ragunan layya kuwa har sun cika bakin kasuwa. Jiya na ga Safiyatu tana wanke akwatinta tana shanyawa a rana. 

Ki yi mana addu'a. Ki daina dariya.

Taki,
Barira.

*

Unguwar Kusfa,
Birnin Zariya.
Afrilu, 1999.

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi lafiya, ke da Alhaji da yara. 

Ana jibi Sallah na je shagon. Na gwada dajin har sau uku, ko bishiyar farko ban wuce ba. Na ce wa Bahago ya fita ya zauna a benci, ya ja ƙofa. Na duba na'urar, ɗanki yana ciki. Na ɗora yatsuna a kan haruffan na daɗe ban danna ba. Ni da na buga sunayen mutanen lardin nan kaf ban taɓa jin komai ba, sai ga ni ina zufa kamar mai naƙuda. Na tuna Inna, da yadda ta rasu ba ta taɓa kiran sunanki ba, ke ma ba ki taɓa cewa ba ta son ki ba. Sannan na tuna akwatin nan a rana. Na buga.

Na buga sunansa, Yaya. Na yi masa sallama da Hausa, na ce ni ce mahaifiyarsa. Na sake buga sunan na tambayi lafiyarsa. Na sake bugawa na tambayi sanyi da aiki, don ban iya faɗa wa mutum magana ba gaisuwa ba. Sau uku a jere, abin da ban yi ba a shekara talatin da huɗu.

Kafin in kai ga maganar Safiyatu amsarsa ta fito. Ya ce ko wane ne wannan, Bahago ne ko wani, ya ji tsoron Allah ya daina wasa da sunan mahaifiyarsa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta taɓa ɗaukar sa ba, ba ta taɓa neman sa ba, kuma ba yau za ta fara ba. Na hau bugawa da sauri in yi masa bayani. Na'urar ta ce wannan mutumin ya toshe ni, ba ya jin maganata.

Ba ta taɓa neman sa ba! Wa ya yi ta sintiri gidan waya? Wa ke tashi ta yi masa addu'a kafin ta yi wa kanta? Ranar da kika zo kika tafi da shi, wa ta shiga bayan rumbu ta toshe bakinta da zani don kada a ji? Ke kin sani, ke kika same ni a wurin. Shekara nawa yana gabanki, Yaya, ba ki taɓa zaunar da shi kin gaya masa kunya ce ba? Ya karanta littattafai har ya kai Ingila, wannan ɗaya bai gane ba. Ina fushi da shi, ina fushi da ke, kuma na yi kuka a shagon mutane har Bahago ya kasa shigowa.

Bahago ya ce in sake sabon suna in shiga in gwada. Na ce a'a. Na shiga da sunana na gaskiya, na ba ɗanki abin da ban taɓa ba kowa ba, ya ce ƙarya ce. Ba zan sake shiga da na ƙarya don ya yarda ba. Wadar nan kawai na yi wa sallama, na mayar mata da garkuwarta.

Washegarin Sallah Alhaji Jumare ya aiko da mota. Ni na naɗe wa Safiyatu kayanta, ni na raka ta har Ƙofar Kibo. Ta durƙusa tana neman gafarata, na ce ta tashi, ba ita ke da laifi ba. Gidan ya yi mini faɗi, ko furar ban ƙara sha ba.

Ranar Litinin za a shiga kotu. Suna neman mai shaidar cewa shekara uku bai zo ba, bai aiko ba, bai kira ba. Na ce kada su wahalar da kansu, ni zan je. An gaya mini alƙali zai tambaye ni sunan wanda ake ƙara, a gaban jama'a, kuma Alhaji Jumare ya ce don mutuncina za a roƙi magatakarda ya karanta a madadina. Na ce ya bar shi. Zan faɗa da bakina, da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji. A can dai za a yarda ni na haife shi.

In ya kira ki, ki gaya masa. In bai kira ba, kada ki neme shi.

Ki gaishe da Alhaji da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Barira.