Farin goron da bai shiga tukunya ba

Lahadi, 14 ga Afrilu, 1985

An ƙirga ƙuri'a: Issifou 41, ni 22. Shi ne shugaban 'yan goro na Zongo, shi zai raba rumfunan sabuwar kasuwa. Mutumin da ni na koya wa yayyafa wa huhun goro ruwa.

Litinin, 15 ga Afrilu

Magudi ne. An ba kowa goro biyu, fari nawa, ja nasa, ka jefa na gwaninka a tukunya ka ci ɗayan. Mutum hamsin suka rantse mini. Ina suka shige? Tukunyar ma daga gidan surukinsa ta fito. Kuma an ga babur ɗinsa wajen Akodésséwa, kasuwar matsafa. Sabon babur, har da madubi biyu.

A ƙasar da ake sanin sakamako tun kafin a buɗe akwati, wannan zaɓen kaɗai na ɗauka na Allah ne.

Laraba, 17 ga Afrilu

Issifou ya wuce da tabarau, ana ta "Président, Président". Faransancin da ni ma na iya, bakina ne dai bai karye kamar nasa ba.

Na rubuta ƙara zuwa ofishin jam'iyya. Na ƙara da cewa yana taro a ɓoye. Matata Zuhura ta sa na karanta mata. Ta ce, "Baban Adjara, wanda aka kai can da irin wannan magana, ka taɓa ganin ya dawo da ƙafarsa?" Na ce mace ba ta san siyasa ba. Ita ma tana yaba shi, na lura.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Bayan masallaci na tare Baba Alassani, dattijon da ya fi kowa rantse mini, don ya sa hannu a takardar. Ya ce shi fa nawa ne har gobe. Na ce to wanne ya jefa? Ya dube ni kamar na zautu: "Ɗana, wa ke jefa farin goro a tukunya? Ci na yi, na yi maka addu'a."

Ni na zaɓi farin. Don in nuna isa.

Talata, 23 ga Afrilu

Na bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ne kawai suka yi irin ta Baba. Huɗu. Ko na mayar da su, bai isa ba. Sauran fa?

Ban so wannan lissafin ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ofishin jam'iyya ya yi nisa, ga rana. Takardar na nan a aljihun rigar da Zuhura ta jiƙa don wanki, ban hana ta ba.

Na leƙa taronsa, don in ga yadda zai yi kuskure ne kawai. Ya so ya ba 'yan goro layin da rana ke duka. Na ce goro zai bushe kafin la'asar. Ya ce, "Yaya Sabitu ya fi mu sani," ya rubuta a gaban kowa.

Rubutunsa ba kyau. Jibi zan koma in duba ko ya rubuta daidai.