Wayar da Ta Kai Ɗakin Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn nan da har yau ba mu sa shi a ido ba.

Buƙatarki ta iso, wato in naɗa miki muryar Baba yana rera waƙar da yake sa mu barci da ita, domin jikansa ya ji. Na karɓi aikin, amma ki sani sauti ilimi ne. Na'urata tana ɗakin ƙurya, inda na lulluɓe bango da soso, har da tsohuwar katifarki, wadda ta sami ƙarin girma. Baba kuwa yana kwance a ɗakin gaba. Masana sun tabbatar, ni ma na amince musu, cewa irin wayar makirufona in ta yi tsawo sai ta riƙa kwasar ƙugin lantarki a hanya, kamar yadda doguwar riga ke sharar ƙasa, murya kuma ta iso a gajiye. Ba zan miƙa wa tarihi mahaifinmu yana ƙugi ba. Ranar da ya iya takowa, zan zaunar da shi dab da na'ura, a kan gajeriyar waya.

Ki huta lafiya.
Yayanki, mai hidimar sauti.

Yaya,

Ina gaishe ka da jinya. Umma ta ce Baba ko kofin shayi ba ya iya shanyewa yanzu. Likita ya hana ni doguwar tafiya, ka sani. Don Allah ka ɗauka da salularka, ko ka ciccibi na'urar ka kai ɗakinsa. Ni ba gidan rediyo zan kai ba. Katifar kuma na yafe.

Ƙanwarka.

Auta,

Gaisuwa irin ta kullum. Salula, ranki ya daɗe, an yi ta ne don cinikin tumatir. Ɗakin Baba kuma yana kallon titi, ga fanka, ga mai gyaran babur da bai san darajar shiru ba.

Waɗannan hujjojin ilimi ke nan. Akwai wata wadda ba ta cikin littafi. Kullum da safe Baba yana tambayata ko kujerarsa ta ɗakin ƙurya tana nan, in ce tana jiransa, ya ce to bari ƙafar ta ƙara ƙwari. Ranar da ya gan ni ɗauke da na'ura a kaina, zai gane mun daina jiran ƙafar. Ki ƙara mini haƙuri.

Yayanki.

Auta,

Ina yi miki gaisuwar da Umma ta riga ta yi miki da kuka. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Ga abin da ba ta faɗa miki ba. Ana gobe zai rasu, da hantsi, ya kira ni ya ce shi dai ya ga kujerar nan ta fi ƙarfinsa, in kawo abin nawa. Babu lokacin kwance na'ura. Na tattaro duk wayar da na mallaka, na ari ta maƙwabci, na yi ta jona su, na ja ta cikin baranda, ta bayan tsohon firijin nan, har bakin gadonsa. Ni da ke yi wa mutane lacca a kan gajeriyar waya, na shimfiɗa wadda za a iya shanya a kanta.

Ya rera rabi, numfashi ya gaza. Sai ya matso da baki ya ce, "Auta, kina ji?"

Na saurara daga baya. Wayar ta kwaso ƙugin firijin kaf, muryar Baba tana can ƙasansa, siririya. Na gwada tace ƙugin, sai na ga yana tafiya da rabin muryar. Da na ja wannan wayar tun wasiƙarki ta farko, da kin sami waƙar har ƙarshe, cikin muryar da ta fi ƙarfin firiji. Na turo miki yadda take. Ban sa sunana a jiki ba.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaishe ka, ya ƙarin haƙuri.

Na ji. Na amsa masa ma, kamar wata sakarai. Kada ka taɓa ƙugin nan. Ka manta gadonmu a jikin bangon da firijin yake aka kafa shi? Ban taɓa jin waƙar babu shi ba.

Ƙarshenta kuwa ban san shi ba, kullum barci yake riga ni. Kai ne ba ka barci, kana ta gyara wa Baba karin waƙar. Yaron nan kuma halinka ya ɗauko, idan waƙar ta yanke sai ya buɗe ido yana jira.

Ka rera mana sauran. Kada ka naɗe wayar tukuna.

Ƙanwarka.