Saƙon Ɗana Yana Fitowa Daga Ofishin Da Babu Kowa

Malama mai shawara, don Allah ki taimaka mini, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na shiga ajin yamma na koyi karatu, har yanzu in magana ta yi tsawo sai ta karkace mini.

Da farko ki taya ni murna, na yi jika! Namiji ne, ƙato, ya kwaso kunnuwana, bawan Allah. Tun da aka haife shi bakina ya ƙi rufuwa. Ko allura ɗaya mutum ya zo saya sai ya ga hotonsa kafin ya fita. Amma cikin wannan murnar akwai abin da ke tayar mini da tsigar jiki, kuma ina tsoron faɗa a gida kada a ce tsufa ya fara taɓa ni.

Kayan keken ɗinki nake sayarwa: allura, bel, kwarkwaro, man keke. Ɗana, uban jaririn, wanda muke kira Injiniya, shi ya buɗe wa shagon shafi a intanet. Ya kama mana hayar wata kwamfuta da ba a gani, saba ake ce mata, a wajen wani ƙaramin kamfani, a nan odar teloli ke sauka. Na ce masa ban taɓa jin ɗakin hayar da ba shi da ƙofa ba, ya yi ta dariya. Ya kuma saita ta ta riƙa turo mini saƙo a waya kowace safiya, a rubuce, wai kada karatuna ya gudu. Yau ko na sha magani, gobe tsiya a kan tsohuwar hulata.

Injiniya ya yi jinya ya rasu matarsa na da ciki. Washegarin da muka binne shi wayata ta yi ƙara, sai ga tambayar ko na sha maganina. Na tashi na sha. Har yau saƙon bai fasa ba.

Safiyar da surukata ta haihu, ina zaune a bencin asibiti, ko kukan yaron ban ji ba, saƙo ya shigo: “Baba, ka zama kaka. Ka zauna kafin ka ɗauke shi, hannunka na rawa.” Malama, ni a sanina hannuna bai fara rawa ba sai bayan rasuwarsa.

Kwanan nan shafin ya fara ɗaukewa yana dawowa. 'Yata Auta ta ce kamfanin ba ya amsa waya, ba ya amsa wasiƙa. Na sa hula na nemi ofishinsu da rana tsaka. A saman bene yake, can ƙarshen wani dogon lungu. Ƙofa a buɗe, fanka na juyawa, kujeru a jere, kofin shayi ya bushe a kan tebur, kalandar bara a bango. Na yi sallama har na gaji. Na ciro wayata na buga lambarsu, sai wayar da ke kan teburin gabana ta hau ƙara. Na tsaya ina kallonta tana kirana ina kiranta. A ciki akwai wata ƙofa a kulle, bayanta ana wani gunji kamar na ƙudan zuma, sanyi na fitowa ta ƙarƙashinta yana lasar ƙafata. Kada ki yi mini dariya, na dafa ƙofar na kira sunan ɗana. Matar da ke ofishin kusa ta ce ta manta rabon da ta ga kowa ya shiga.

Yanzu an sa ni a tsakiya. Auta na so mu koma wani babban kamfani na ƙetare, wai ba ya mutuwa, amma in ka sami matsala na'ura ce za ta amsa maka. Abokin Injiniya, shi ma aikinsa ke nan, ya fi son wani matsakaicin kamfani da mutum ke ɗaukar waya. Ya ce kwashe shagon ba wuya, amma bai gano yadda marigayi ya ɗaure abin saƙon ba, yana iya tsinkewa a hanya. Ya kuma ce ya hango wasu saƙonni a rufe, masu kwanan wata na shekaru masu zuwa, ba duka ne nawa ba. Surukata ba ta san da wannan ba.

In na tashi, ina tsoron in yanke muryar ɗana da hannuna. In na zauna, wata rana wani zai kashe fankar nan ya ja ƙofa. Ina zan nufa?

Kakan Mai Kunnuwa

Amsar Malama: Baba, barka da samun jika, Allah ya raya shi, ya jiƙan mahaifinsa. Rubutunka kuwa bai karkace ko'ina ba.

Bari mu fara da abin tsoron. Ɗanka ya san yana jinya, ya san ranar haihuwar da likita ya yanka wa matarsa, ya zauna ya tsara saƙonninsa. Yaron ne kawai ya cika alkawari ya zo a ranar. Batun hannu kuma, 'ya'ya kan ga rawar hannun iyaye tun kafin iyayen su yarda. Babu kowa a bayan ƙofar nan sai na'ura da sanyinta. Ba ma lalle sabarku na cikin ɗakin ba.

Abin tsoro na gaske shi ne zama. Kamfanin da babu mai kula da shi, ranar da wani abu ya lalace babu mai gyarawa. Don haka tashi dole ne, amma ba da gaggawar da za a bar kaya a baya ba. A makon nan abokin Injiniya ya ɗauki kwafin sabar ɗungurungum, ba shagon kaɗai ba, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a hannunku. Sannan a kunna kwafin a sabon wuri, a bar tsohuwar tana aiki. Ranar da saƙon safiya ya shigo maka sau biyu, ka san muryar ta ƙaura lafiya. Kada a rufe tsohuwar kafin nan.

Auta na da gaskiya, babban kamfani ya fi wuyar ɓacewa. Abokin ma na da tasa, mutum irinka na bukatar wanda zai ce masa sannu Baba. Ku yi wa kowanne tambayoyi: yana ɗaukar kwafi kullum? Zai bar ku ku fita da kayanku duk ranar da kuka so? Wa zai amsa in abu ya tsaya? In matsakaicin ya ba da amsa a rubuce, kuma ya daɗe yana aiki, ni shi zan zaɓa, tunda ga kwafi a gida. Kuma a wannan karon mutum biyu su riƙe kalmar sirrin shiga sabar.

Saura babbar magana. Wasu saƙonnin ba naka ba ne, ka kuma san na su wa ne. Ka faɗa wa surukarka kafin a taɓa komai. Ita za ta ce a buɗe su yanzu ko a bar kowanne ya zo a ranarsa. Ka je da kanka, ka nuna mata saƙon asibiti. In ta miƙo maka yaron, ka bi maganar ɗanka, ka zauna tukuna.

Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ga ranar da Mai Kunnuwa zai karanta nasa da kansa.