Murfin Inji Mai Launin Zuma

Zuwa ga ɗana Khalifa a Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da maigidanka na garaji, Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe. Mu nan Matameye lafiya lau. Mahaifiyarka, 'yar'uwata Salamatu, ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta je suna Ɗan Barto. An gama girbi, gero ya yi kyau, sai dai wake ya ba mu kunya.

Mutane da yawa suna zaton launin ruwan zuma da ake gani a murfin inji na fiba shafa shi ake yi daga baya. Ba haka ba ne, a cikin rezin yake, wato ruwan ƙaron da ake jiƙa zaren fiba da shi, tun kafin ta daskare. Na fara da wannan ne domin na ji an ba ka aikin irin wannan murfi, kuma maigidanka ya ce idan ya yi kyau zai riƙe ka har bayan rani. A ina na ji? A majalisar shayi, daga bakin baffanka Shekara, wanda ya yi ta nuna wa jama'a wayarsa yana cewa ɗan wansa bai ga wanda zai tambaya a duk garin nan ba sai shi. Na yi dariya tare da mutane. Ni kawunka da na koya maka riƙon buroshi a santar koyon sana'a, ni ne zan ji labarinka a bakin wani? Ko da yake an ce ɗa na kowa ne, wanda ya yi reno ya san nauyin goyo.

Shekara gwanin jima ne, ba na musun haka, fatarsa har Damagaram ana nema. To amma ya ce ya gaya maka ka jiƙa lalle ka zuba, ka ƙara ɗan manja don ƙyalli. Rezin ba fatar akuya ba ce! Ba ta shiri da ruwa ko mai. Na gwada a gaban ɗalibaina, ta gurɓace kamar kunu, ta kwana tana danƙo. Na so in kai masa har majalisa, Salamatu ta ce in ji tsoron Allah.

Ga yadda za ka yi. Nemi rezin mai jure zafi, tunda kusa da inji za ta zauna, da launi na ruwa wanda aka yi don ita, mai barin haske ya ratsa. Ɗiga kaɗan-kaɗan kana juyawa, ka tsaya tun yana kama da shayi na uku, domin kowane shimfiɗi na zaren fiba zai ƙara masa duhu. Sai launi ya gauraye za ka sa maganin daskarewa, kuma kada ka cika shi, zai ƙona aikin ya tsattsage. Haɗa wadda za ta ishi murfin duka a kwano guda, in ba haka ba gefe zai fi gefe. Yi a inuwa, ka rufe hanci.

Kada ka ɗauki maganata don ni kawunka ne. Kafin ka taɓa murfin mutane, yi ƙananan guntaye biyu, ɗaya irin na Shekara, ɗaya irin nawa, ka ɗaga su ga rana. Wanda ya yi kamar zuma a kwalba, shi za ka bi. Abu ɗaya na roƙe ka, hoton ya fara zuwa wayata, ni ma ina da majalisar da zan nuna.

Salamatu da ƙannenka Anisa da Hashimu suna gaishe ka. Ka gaida Yahaya abokin ɗakinka. Baffan naka ma, na san zai ce a gaishe ka, ga shi na isar.

Kawunka mai jiran hoto,
Malam Iliyasu