Gora Ta Yi Fure a Tsohon Lambu

Zuwa ga ƙanwata Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen ƙauye? Mu nan Tokyo lafiya lau. Tarin nan ne kawai, likita ya ce in koma wurinsa ran Talata tare da ɗana. Kada ki damu.

Albishirinki! Jiya na kai jikokina tsohon lambun itatuwa na birni, kuma ni da kaina na karanta musu sunan kowace bishiya a jikin allonta. Koharu, ƙaramarsu, ta ce, "Kaka, makarantar yamma da kake koyon karatu ta yi rana, amma kafin ka gama layi ɗaya bishiyar ta ƙara tsawo!" Na yi dariya har da hawaye.

Sai muka tarar gora ta yi fure. Yara suna tsalle, ni kuwa na tsaya ina kallonta, don gora ba ta yin fure sai in za ta mutu. Kin tuna shekarar da ta bayan gidanmu ta yi fure ta bushe, muka binne Baba. Koharu ta tsinci furen da ya faɗo ta sa mini a aljihu, na kasa hana ta.

Ki buɗe ɗakina ya sha iska. Ba zan jira girbin shinkafa ba, ina tafe.

Yayanki,
Tokuji