Ƙanwata Ta Sa Ni Neman Wanda Ya Ɗauki Hotonta

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma Admin ka rufa min asiri ka sakaya sunana, don in aka gane ni to an gane wadda nake magana a kanta, ita kuwa abin da ta gani ya ishe ta haka.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wani lokacin in leƙa Kano in lodi ya kama. Ban saba dogon rubutu ba, ku yi haƙuri da yadda zai zo. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke bi na, zan kira ta Hadiza amma ba sunanta ba ne. Shekara biyar da suka wuce ta zo wankan gida ƙauyenmu ta wajen Maruta, haihuwarta ta fari, ta samu ɗa namiji aka yi suna lafiya, kwana huɗu bayan suna Allah ya karɓi abinsa. Daga nan Hadiza ta daina magana, abinci ma sai an matsa, tana zaune tana ninke kayan jaririn tana warwarewa. Mu ba mu san ciwo ba ne, muka ce zafin rashi ne zai wuce. Wata rana da hantsi Innarmu ta shiga maƙwabta, ta dawo babu Hadiza babu dalilinta, ko takalmi ba ta saka ba.

Ina tasha aka bugo min. Nan take na rubuta cigiya a guruf ɗinmu na direbobi, don mu ne a kan hanya, mu muke ganin kowa. Na sa cikakken sunanta da na Baba, da sunan ƙauyenmu, da hotonta na biki, da lambata, na ƙara da cewa tana da ɗan taɓin hankali wanda ya gan ta ya riƙe ta. Wannan ban yi nadamarsa ba, da ban faɗi haka ba wanda ya gan ta zai ɗauka matafiyiya ce ya bar ta ta wuce. Ita ma ta san ni na rubuta cigiyar, kuma ta ce ba ta ga laifina ba.

Laifina na gaba ne. Rana ta uku wani ɗan acaɓa ya kira ni ya ce an ga mai kama da ita a wata ruga ta wajen Dingaya, wata dattijuwar Bafulatana ce ta tsince ta a bakin rafi ta kai ta gida. Na sauke fasinjojina a hanya na yi can, na tarar mutane sun taru, 'yan acaɓa da direbobi da matan rugar. Ga Hadiza zaune a ƙasa, babu ɗankwali, kitso ya warware, ƙafafu duk sun fashe, gaban rigarta ya jiƙe da nono, ta rungume zanin goyo babu kowa a ciki. To a tasha muna da wata al'ada, in fasinja ya manta kaya a mota, ko buhun riɗi ko jaka ko akuya, aka yi cigiya aka samu, sai a ɗauki hoton kayan a tura guruf a rubuta an rufe cigiya, don kowa ya daina nema. Wallahi tallahi hannuna ne ya yi abin da ya saba, na zaro waya na ɗauke ta a yadda take, na tura, na rubuta Alhamdulillah an rufe cigiya. Ko mayafi ban fara yafa mata ba. Dattijuwar nan ce ta cire nata ta lulluɓe ta, ta ɗago ta yi min wani kallo, a lokacin ban gane kallon ba.

Muka kai ta asibiti, ta yi watanni tana shan magani, Allah ya ba ta lafiya sarai. Mijin ya aiko da takarda tun tana kwance, wannan na bar shi da Allah. Da ta warware ta ce makaranta za ta koma, ta yi karatun koyarwa ta gama, bara ta samu aiki a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu, ajin 'yan nazare. A gidana take zaune tare da iyalina. 'Yan uwa, ranar da ta dawo daga aiki tana ba matata labarin wata yarinya da ta yi barci a cinyarta, tana faɗa tana dariya, sai da na fita waje na share ido, don rabona da jin dariyarta tun kafin haihuwar nan. Yaran nan su ne maganinta, sun fi na asibiti yi mata aiki.

Amma hoton bai tsaya a guruf ba. Wani ya fitar da shi, masu shafukan labarai suka ɗauka, suka haɗa shi da na bikinta gefe da gefe, suka rubuta matar da ta haukace bayan mutuwar jaririnta, ga cikakken suna ga sunan uba. Yau ka rubuta sunanta a intanet, abin da zai fara fitowa ke nan. Kuma ba kwanan wata a jiki, duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya ce a yaɗa saboda Allah, mutane su yi ta zuba amin suna ganin lada suke samu, har gobe ana kira na ta lambar da na sa a cigiyar ana cewa Allah ya bayyana ta, a zatonsu ba a same ta ba. Na goge wanda na tura guruf tuni. Na bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, wasu suka ji tsoron Allah suka cire, amma babban cikinsu ya ce wai darasi ne ga al'umma, da na sake magana ya toshe ni. Darasin me? Ni mutum ne mai zuciya, kowa a tasha ya sani, da a gabana yake da ban san abin da zai faru ba.

Hadiza ba ta ga hoton ba sai da ta sayi babbar waya saboda karatu. Ta same ni a tsakar gida tana kuka, ta ce ita ba ta tuna komai na kwanakin nan uku, sai ga shi wani mara imani ya adana mata su duniya na kallo, ta ce wanda ya ɗauki hoton nan ba ta yafe ba har gaban Allah. Tana ɗauka cikin 'yan kallo ne, don ranar waya ta yi yawa a wurin. A nan ya kamata in faɗa mata. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce Allah ya isar miki. Waɗanda suka sani a tasha ko sun manta ko sun yi min kara, ba wanda ya taɓa tayar da maganar, haka na ci gaba da zama da abin a cikina.

To yanzu abin ya zo wuya. Farkon zangon nan wata uwa ta binciki sunanta, ta ga hoton, ta tura shi guruf ɗin iyayen yara tana tambaya ko wannan ce aka bar wa 'ya'yansu. Wasu suka ce a canza wa yaransu aji, wata ta zo har bakin ƙofa ta janye ɗanta daga hannun Hadiza a gaban mutane. Hajiya mai makarantar ta kira ni, mutuniyar kirki ce ba zan ci amanarta ba, ta ce ta ga takardar likita kuma ita shaida ce a kan aikin Hadiza, amma makaranta da iyaye take tsaye. Ta ce in aka cire abin kafin ƙarshen zango za ta tara iyaye ta ce musu tsohon zance ne har an goge shi, in kuwa yana nan to ba yadda za ta yi. Saura sati biyu a yi hutu.

Muka je wurin wani mai kafen intanet, Malam Sani, wanda ya san harkar nan. Ya taya ta tura ƙorafi da sunanta ga kamfanin da shafin yake kansa har sau biyu, shiru kake ji. Sai ya ce hanyar da ya san ta fi sauri ita ce wanda ya ɗauki hoton da hannunsa ya shigar da ƙara cewa hotonsa ne aka ɗauka ba izini, ya nuna na asalin, ya sa cikakken sunansa, amma fa za a tura wa mai shafin sunan wanda ya yi ƙarar. Shi kuwa mutumin nan halinsa ne duk wanda ya kai ƙararsa sai ya manna sunansa a shafi mabiyansa su yi ta zagi. Ke nan ko na yi a ɓoye, a bakin mutane za ta ji. Hoton asalin yana nan a tsohuwar wayata a ƙasan akwati, na kasa gogewa na kasa kallo. A gabanta Malam Sani ya yi bayanin nan, muna fitowa ta ce Yaya kai ka san duk direbobi da 'yan acaɓan da suka je ranar, ka taimake ni ka nemo shi.

Yau sati uku ina nema wai. Kullum na dawo sai ta tarye ni da ruwa tana kallon bakina, in ce na tambayi wane bai sani ba, gobe zan ga wane. Ranar Talata har Dingaya na je da mota ba fasinja, na tsaya a gefen hanya na yi kuka na juyo, don dai ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Ko matata ba ta sani ba. Abinci ya daina shiga, jiya saura kaɗan in hau kan wata tunkiya saboda tunani.

Tsorona biyu ne. Likita ya ja mana kunne tun farko cewa a kiyaye ta da tashin hankali mai tsanani, ciwon yana iya dawowa, kuma ita da bakinta ta sha cewa a duk dangi ni kaɗai ne ban taɓa yi mata kallon mahaukaciya ba. In na ce mata ni ne, ban san abin da zai rage mata ba. In kuma na yi shiru za a raba ta da yaran nan, ta koma ɗaki ta zauna, ni na san abin da zaman ɗaki ya taɓa yi mata, kuma ni ne sila sau biyu ke nan.

'Yan uwa ya zan yi? In faɗa mata ni da ita, ko in fara samun Baba ya zaunar da mu, ko in je wurin likitanta tukuna? Masu ilimin addini, wanda aka ce ba a yafe masa ba kuma shi ya amsa da bakinsa, ina mafitarsa? Wanda ya san wata hanyar cire hoton ba tare da suna ya fito ba, ya taimaka ya rubuta a ƙasa, zan bi ina karantawa. Ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma ku haɗa da shawara don lokaci ya ƙure.

Yau da safe da na sauke ta a ƙofar makaranta, har ta fita ta dawo ta leƙo ta taga, ta ce Yaya na san halinka da zuciya, don Allah in ka same shi kada ka dake shi saboda ni, ka lallaɓa shi ya sa hannu kawai.